Santimita Huɗu

Lokacin da muka tare a Lôn y Felin
ramin bai fi bakin kofin shayi ba.
Amma ruwan saman Wales ba ya gajiya,
ƙanƙara kuma duk hunturu sai ta ɗan gutsuri gefensa,
har 'yan makaranta suka raɗa masa suna,
har direban motar madara ya iya kauce masa ido rufe.

Gethin ma ya iya.
Shekara shida yana kaucewa.
Ran nan da asuba ruwa ya cika shi fal,
ya kwanta lumui kamar sauran kwalta.
Babur ya tsaya, mijina bai tsaya ba.

Wuyan hannunsa na dama ya karye gida uku.
Hannun da ke yi wa tumaki ɗari biyu sausaya a wuni,
yau murfin kwalba ya gagare shi,
sai ya miƙo mini, idonsa na kan taga.

Kwana biyu da faɗuwarsa sai ga motar ƙaramar hukuma.
Abin da ya faskara shekara shida
suka gama shi kafin butata ta tafasa.
Suka binne mini shaida da baƙar kwalta,
suka daddaɓe, suka tafi.

Lauyarmu, Eluned Prosser, ta ce, zurfinsa nawa?
Na ce ya isa ya cinye sana'ar mutum.
Ta ce kotu ba ta da wannan ma'auni.
A littafin hukumar, in bai kai santimita huɗu ba,
ba rami ba ne,
hanya ce kawai ta tsufa.

Sai ga Blodwen, tsohuwar gida na tara,
wadda muke yi wa dariya don yawan ƙorafi,
rungume da gwangwanin biskit.
A ciki, kwafin wasiƙu goma sha ɗaya da rubutun hannunta,
da amsa goma sha ɗaya, duk bakinsu ɗaya:
mun samu, mun gode, za mu duba.
A can ƙasa kuma hoto:
jikarta a tsugune ta tsayar da rula cikin ramin,
ruwa ya haɗiye lamba bakwai.

Wata goma sha tara muka jira.
Lauyansu mutum ne mai ladabi, har ƙofa ya riƙe mini.
Ya nuna takardar mai duba hanya
wanda ya wuce a mota cikin Maris ya rubuta, lafiya lau.
Sannan ya juyo: ka san da ramin?
Gethin ya ce, kamar yadda na san sunan 'yata.
To me ya kai ka ciki?
Gethin ya dubi hannunsa. Hannun bai ce komai ba.

Alƙaliya ta yanka laifin kamar burodi,
kashi uku na hukuma,
ɗaya na wanda ya sani.
Ashe sani ma ana biyan tararsa.

Kuɗin sun shigo ranar wata Talata.
Ba wanda ya ce mana sannu.
A wasiƙar sun kuskure harafi a sunansa.
Na zauna na lissafa: harajin da muke biya ne
ya zaga dutse ya dawo,
aljihun hagu ya biya na dama, lauyoyi sun ci na tsakiya.

Bana wani saurayi aka ɗauko don sausaya.
Gethin ne mai riƙe ƙofar garke,
yana ƙirga tumakin da leɓɓansa.

Facin yana nan, ya fi sauran titin baƙi.
Taku biyu daga gefensa kwalta ta fara tsagewa.
Yanzu akwai rula a jakata, kusa da makullai.
Jiya ɗaya da rabi.
Na durƙusa cikin yayyafi na ɗauki hoto,
na rubuta kwanan wata,
Blodwen tana ɗaga mini hannu ta taga.